Francis D'Arcy Cooper: Akantan Da Ya Fid Da Kamfanin Lever Daga Bashin Kamfanin Neja

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da sabulun Sunlight ko Lux a kantinsa, ko kuma ya ji dattawa suna ba da labarin zamanin da UAC ke awon gyaɗa a Kano, to ya yi hulɗa da aikin wani Bature da sunansa bai cika fitowa a bakin jama'a ba. Sunan mutumin Francis D'Arcy Cooper, wani akanta ɗan ƙasar Birtaniya wanda aka kira domin ya duba littattafan kamfanin Lever Brothers a lokacin da bashi ya kusa durƙusar da shi, daga baya kuma ya zama shugaban kamfanin, har ya jagoranci haɗakar da ta haifi Unilever. Abin da ya jefa Lever cikin wannan hali kuwa ciniki ne da ya shafi Nijeriya kai tsaye, wato sayen Kamfanin Neja a shekarar 1920.

Gidan da ya fito

An haifi Cooper a shekarar 1882 a cikin gidan da aikin akanta ya zama gado. A shekarar 1854 ne William Cooper ya buɗe ofishin lissafi a birnin London, sannan 'yan'uwansa uku, Arthur da Francis da Ernest, suka bi sahunsa, aka riƙa kiran ofishin Cooper Brothers. Francis, ɗaya daga cikin waɗannan huɗun, shi ne mahaifin D'Arcy Cooper. A wancan zamani aikin akanta yana ƙara samun daraja a Ingila, domin kamfanonin da jama'a ke zuba jari a cikinsu sun yawaita, masu hannun jari kuma suna bukatar wani amintacce daga waje wanda zai duba musu littattafai ya gaya musu gaskiyar abin da ke ciki. A shekarar 1880 aka kafa ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Ingila da Wales da izinin masarauta.

Bayan ya gama karatu a kwalejin Wellington, Cooper ya shiga ofishin iyayensa ya koyi aiki har ya zama ɗaya daga cikin masu ofishin. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya shiga soja a rundunar igwa, inda ya sami mummunan rauni, bayan yaƙin kuma ya koma bakin aikinsa. Cikin kamfanonin da ofishin ke duba wa littattafai har da Lever Brothers, ta nan ne kuma ya san mai kamfanin.

Mai sabulu da neman man sabulu

William Hesketh Lever, wanda daga baya aka naɗa shi Lord Leverhulme, ɗan wani mai sayar da kayan masarufi ne a garin Bolton, an haife shi a 1851. A tsakiyar shekarun 1880 ya fara sayar da sabulun Sunlight a yanke, a naɗe cikin takarda mai suna da tambari, a lokacin da akasarin sabulu ake yanka wa mai saye daga doguwar sanda marar suna. Talla ta yi masa rana ƙwarai, har a 1888 ya fara gina masana'anta da garin ma'aikata kusa da Liverpool, ya sa wa wurin suna Port Sunlight.

Sabulun Lever da man tsirrai ake yin sa, musamman manja da man ƙwarar kwakwar manja da man kwakwa, saboda haka babban abin da ke hana shi barci shi ne kada wata rana man ya yi ƙaranci ko wasu su riƙe farashinsa. Wannan ne ya sa ya bazama neman tushen man da kansa. Ya buɗe gonakin kwakwa a tsibiran Solomon, a 1910 ya sayi kamfanin W. B. MacIver mai ciniki a gaɓar Afirka ta Yamma, a 1911 kuma ya sami manyan filaye daga gwamnatin Beljiyam a Kwango. A Nijeriya da sauran ƙasashen da Birtaniya ke mulka a Afirka ta Yamma kuwa, gwamnatin mulkin mallaka ta ƙi mallaka masa filayen da zai yi manyan gonaki, bisa manufar barin ƙasa a hannun manoma. Tun da an rufe masa wannan ƙofa, sai ya juya ga mallakar kamfanonin da ke sayen amfanin gona daga hannun manoman.

Cinikin da aka yi cikin gaggawa

Kamfanin Neja shi ne magajin Royal Niger Company na George Goldie, wanda ya sami izinin masarauta a 1886 ya riƙa mulki da ciniki a kogunan Kwara da Binuwai. A ranar 1 ga Janairu, 1900 gwamnatin Birtaniya ta karɓe mulkin ta biya kamfanin diyyar fam 865,000, ta kuma bar masa rabin kuɗin fito na ma'adinai a wani babban yanki na Arewa har na tsawon shekara 99. Daga nan kamfanin ya koma ciniki zalla. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga zirga-zirga a 1912, cinikin gyaɗa ya haɓaka cikin sauri, kamfanin kuma ya dogara ga dillalai na gida wajen saye. Mafi shahara a cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, wanda ya fara saya wa kamfanin gyaɗa a wajajen 1918.

Bayan yaƙi, farashin kayan amfanin gona ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, kowa kuma yana zaton haka abin zai ɗore. A cikin wannan yanayi ne, a watan Janairu na 1920, Lever ya amince zai sayi Kamfanin Neja a kan kuɗi sama da fam miliyan 8, a biya da tsaba. An ƙulla cinikin cikin gaggawa ba tare da an zauna an bi littattafan kamfanin dalla-dalla ba. Sai bayan alƙalami ya bushe aka gano cewa bankuna suna bin Kamfanin Neja bashin kimanin fam miliyan 2. Kafin a farfaɗo daga wannan kuma, a cikin shekarar ta 1920, farashin manja da ƙwara da gyaɗa ya faɗi warwas a kasuwannin duniya. Kayan da kamfanin ya tara a rumbuna da tsada ya koma bai kai kuɗin da aka saye shi ba.

Yana da kyau a fahimci dalilin da ya sa lamarin ya yi tsanani haka, domin sabulu bai daina sayuwa ba. Matsalar tana ga yadda aka gina jarin kamfanin. Lever ya riƙe hannayen jari na asali, waɗanda ke ba da ikon zartar da hukunci, a hannunsa shi kaɗai. Kuɗin faɗaɗa kamfani kuwa ya riƙa samo su ne ta hanyar sayar wa jama'a wani nau'in hannun jari mai ƙayyadadden rabo, wanda masu shi ke jiran kasonsu duk shekara. Muddin ciniki yana tafiya, wannan tsari yana ba mai kamfani dama ya yi amfani da kuɗin mutane ba tare da ya raba mulki da su ba. Amma ran da ciniki ya tsaya, rabon yana nan yana jira, ga bashin banki, ga kuɗin sayen Kamfanin Neja da lokacin biyansa ya yi. Kamfani mai masana'antu da gonaki a nahiyoyi da dama ya wayi gari ba shi da tsabar da zai sauke nauyin da ke kansa. Dukiya daban, kuɗin hannu daban, kuma rashin na biyun ne ke rufe kamfani.

Shigowar akanta

Bankunan London sun nuna ƙyashin ƙara ba Lever bashi, domin suna ganin mutum ne mai saye ba ƙaƙƙautawa wanda babu mai iya taka masa birki. Ko a waɗannan shekaru ya sayi tsibirin Lewis a 1918 da yankin Harris a 1919 a arewacin Scotland, ya kuma kafa jerin kantunan sayar da kifi da ake kira Mac Fisheries. A nan ne Cooper ya shigo tsakani. Ya san littattafan kamfanin ciki da waje, bankunan kuma sun san gidan da ya fito sun yarda da lissafinsa. Shi ya zauna da su ya nuna musu cewa kasuwancin sabulun lafiyayye ne, abin da ake bukata shi ne lokaci da tsari. A 1921 aka daidaita, kamfanin ya sami kuɗi ta hanyar fitar da takardun lamuni, wato ya mai da bashin da ake iya nema a kowane lokaci zuwa bashi mai dogon wa'adi. A shekarar ce kuma aka mai da hedkwatar kamfanin daga Port Sunlight zuwa London, kusa da bankuna da kasuwar hannun jari.

Daga wannan lokaci maganar Cooper ta zama mai nauyi a kamfanin. A 1923 ya bar ofishin iyayensa ya shiga hukumar daraktocin Lever Brothers a matsayin mataimakin shugaba. Lord Leverhulme ya rasu a watan Mayu na 1925, jim kaɗan bayan dawowarsa daga wata ziyara a Afirka. Aka ba ɗansa muƙamin girmamawa na gwamnan kamfani, shugabancin hukumar daraktoci da tafiyar da al'amura kuma aka danƙa wa Cooper. Mutumin da bai taɓa dafa sabulu ba, ba kuma ɗan gidan Lever ba, ya zama shugaban kamfanin sabulu mafi girma a Birtaniya.

Yadda ya tafiyar da kamfanin

Abin da Cooper ya gada tarin kamfanoni ne da Lever ya yi ta saye ɗaya bayan ɗaya, kowanne da masana'antarsa da 'yan tallansa da sabulunsa, har wasu suna gasa da junansu a kasuwa ɗaya alhali mai su ɗaya ne. Aikinsa na farko shi ne sanin wanne ke kawo riba, wanne ke cin ta. Ya tsaurara ƙa'idar kashe manyan kuɗi, ta yadda sai an kawo lissafi an amince kafin a gina ko a saya. Ya rage darajar kadarorin da aka rubuta a littafi fiye da ƙimarsu ta gaskiya, ko da yake yin haka yana rage ribar da za a nuna wa jama'a. Ya kuma fifita tara ajiya a kan rabon riba. Sannu a hankali aka fara haɗe ƙananan kamfanoni da rufe masana'antun da ba su da amfani, aikin da ya ci gaba har cikin shekarun 1930, wanda kuma ya raba ma'aikata da dama da ayyukansu.

Bai hana faɗaɗawa gaba ɗaya ba. A 1925 Lever Brothers ya haɗe da British Oil and Cake Mills, babban kamfanin matsar mai da yin abincin dabbobi daga tunkuza. A Amurka kuma ya bar wa manajan reshen, Francis Countway, 'yancin tafiyar da cinikin Lux da Rinso da Lifebuoy, reshen kuma ya riƙa kawo riba mai yawa. Babban canjin da ya kawo shi ne mai da kamfanin daga hannun mutum ɗaya mai yanke hukunci shi kaɗai zuwa hannun kwamitoci da manajoji masu albashi, waɗanda ake auna aikinsu da alƙaluma.

Shekarar 1929: UAC da Unilever

Kamfanin Neja ya ci gaba da zama ƙarfen ƙafa, domin gasa tsakaninsa da babban abokin hamayyarsa, African and Eastern Trade Corporation, tana cinye ribar su duka biyun. A 1929 aka haɗe su aka kafa United Africa Company, wato UAC, aka naɗa Sir Robert Waley Cohen na kamfanin man Shell ya shugabance shi. Sai dai an kafa kamfanin ne daf da karyewar tattalin arzikin duniya da ta fara a ƙarshen 1929. Farashin amfanin gona ya sake faɗuwa, UAC ya tafka babbar hasara, Waley Cohen ya sauka a 1931. Dole kamfanin da Cooper ke shugabanta ya sake zuba kuɗi domin ceto shi, abin da ya ba shi rinjaye a cikinsa, kafin ƙarshen shekarun 1930 kuma ya mallake shi baki ɗaya.

Haɗaka ta biyu ta fi ta farko girma. A nahiyar Turai, manyan kamfanonin yin majarin guda biyu na ƙasar Holan, Jurgens da Van den Bergh, sun daina gasa sun haɗe a 1927 da sunan Margarine Unie, wasu kuma kamar Schicht suka shigo daga baya. Majarin da sabulu daga mai iri ɗaya ake yin su: manja, man ƙwara, man gyaɗa, man kwakwa da kitsen manyan dabbobin teku. Ke nan masu sabulu da masu majarin suna rububin kaya ɗaya a kasuwa, kowane ɓangare kuma ya fara kutsawa cikin sana'ar ɗayan. An fara tattaunawa ne a kan yadda za a raba fage, kowa ya tsaya a nasa, amma da aka ga rabuwar ta yi wuya sai aka zaɓi haɗewa gaba ɗaya. Aka sa hannu a ranar 2 ga Satumba, 1929, Unilever kuma ya fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 1930.

Tsarin da aka yi wa sabon kamfanin irin na masu lissafi ne. An kafa kamfanoni uwaye guda biyu, ɗaya a London ɗaya a Rotterdam, daraktocinsu ɗaya ne, an kuma ɗaure su da yarjejeniyar da ta tabbatar da cewa mai hannun jari a Ingila da takwaransa na Holan rabo iri ɗaya za su samu. Da haka aka kauce wa biyan haraji sau biyu, aka kuma kiyaye martabar kowane ɓangare. Wani ƙaramin kwamiti na musamman ne ke yanke manyan hukunce-hukunce, Cooper kuma shi ne jigonsa. A 1937 aka sake fasalin rabon, reshen London ya riƙe harkokin ƙasashen daular Birtaniya, na Rotterdam ya riƙe sauran. Wannan tsari na uwaye biyu ya yi shekara 90 yana aiki, sai a 2020 aka haɗe su a kamfani ɗaya mai hedkwata a London.

Shekarun 1930 sun zo da wata matsalar. Gwamnatin Jamus ta hana fitar da kuɗi daga ƙasar, ribar da Unilever ke samu a can ta maƙale. Dabarar da aka yi ita ce a yi amfani da kuɗin a ƙera jiragen ruwa a Jamus a fito da su, wasunsu kuma suka shiga jigilar kayan UAC tsakanin Afirka ta Yamma da Turai.

Abin da manomi ya gani

Abin da ya zama gyara a littattafan London ba lallai ne ya zama alheri ga mai noma ba. Haɗewar manyan masu saye tana nufin raguwar gasa a wurin awo, kuma kamfanin da ke sayen gyaɗa da manja a Nijeriya ya zama mallakar wanda ya fi kowa amfani da su a Turai. Manoma da ƙananan 'yan kasuwa sun yi ta kukan cewa kamfanonin Turawa suna haɗa baki su tsai da farashi. Kukan ya fito fili a 1937, sa'ad da manyan kamfanonin, har da UAC, suka ƙulla yarjejeniyar sayen koko, manoman ƙasar Gold Coast, wato Ghana ta yau, suka ƙi sayar da amfaninsu na tsawon watanni suka kuma ƙaurace wa kayan kantunan Turawa. Gwamnatin Birtaniya ta naɗa kwamitin Nowell, wanda a rahotonsa na 1938 ya ba da shawarar a janye yarjejeniyar. Irin wannan taƙaddama tana cikin abubuwan da suka share fagen kafa hukumomin sayen amfanin gona a shekarun 1940.

Ƙarshen aikinsa da abin da ya biyo baya

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, Jamus ta mamaye Holan a 1940, aka yanke hulɗa tsakanin London da Rotterdam, rabon da aka yi a 1937 kuma ya taimaka wa kowane reshe ya ci gaba da kansa. A 1941 Sarkin Ingila ya ba Cooper sarautar Baronet, a watan Disamba na shekarar kuma ya rasu yana da shekara 59. Geoffrey Heyworth ne ya gaje shi.

Ofishin iyayensa ya haɗe da wani na Amurka a 1957 aka sami Coopers & Lybrand, wanda a 1998 ya haɗe da Price Waterhouse ya zama PricewaterhouseCoopers. A Nijeriya, reshen Lever da aka yi wa rajista a 1923, mai masana'antar sabulu a Apapa, ya koma Unilever Nigeria a 2001. UAC na Nijeriya kuwa ya sayar wa 'yan ƙasa kashi 40 cikin ɗari na hannayen jarinsa a 1974 bisa dokar mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, kason ya ƙaru zuwa 60 bayan dokar 1977, a 1994 kuma Unilever ya sayar da ragowar kashi 40 da ke hannunsa.

Darasi ga masu dukiya

Yawancin manyan harkokin kasuwanci a ƙasar nan suna kama da na Lever kafin 1920: mutum ɗaya ne ya kafa, shi ke saye, shi ke sayarwa, lissafin kuma yana cikin kansa. Labarin Cooper ya nuna wurare uku da irin wannan gida ke karyewa. Na farko, sayen kamfani ko shiga haɗin gwiwa kafin a sa ƙwararre ya binciki basussukan da ke kansa, domin wanda ya sayi kamfani ya saye shi ne har da bashinsa. Na biyu, tara kaya da kuɗin banki a lokacin tsada bisa zaton farashi ba zai sauko ba, abin da duk mai ajiye hatsi ko taki ya san haɗarinsa. Na uku, rashin tanadin wanda zai riƙe ragama bayan mai gida. Lever ya yi shekara huɗu yana aiki da Cooper kafin rasuwarsa, bankuna da manajoji sun riga sun saba da shi, shi ya sa mutuwar mai kamfanin a 1925 ba ta girgiza kamfanin ba.

Akanta ba ya maye gurbin mai hangen kasuwa, domin Lever ne ya ƙirƙiro Sunlight da tallarsa, waɗanda ribarsu ta biya bashin. Amma da yawa daga cikin masu dukiya ba sa neman akanta sai lokacin biyan haraji ko ran da banki ya aiko da takardar gargaɗi. Lever ma sai da ruwa ya kai masa wuya ya saurari nasa, bayan ya riga ya sa hannu a cinikin fam miliyan 8 da bai bi littattafansa ba.